Dawa Uku a Rami Ɗaya

A daminar da ta wuce na yi kwana goma a Betso, a gidan yayata, lokacin dawa ba ta fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba. Betso ɗaya ce daga mazaɓun Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, ƙasar noma ce, kuma idan hadari ya haɗo daga wajen duwatsun Mandara ba sai an ce wa mace ta kwashe shanya ba. Wata Laraba ruwa ya tsare mu a ɗaki tun daga azahar. Ina kishingiɗe ina jin kwano yana amsa ruwa, sai na ji shessheƙa a bayan labule. 'Yar yayata ce, wadda ta gama sakandare a shekarar tana jiran sakamako. Ta tasa waya a gaba, hawaye na ɗiga a kan zaninta.

Na ce, "Ke, lafiya? Wa ya rasu?"

Ta ce, "Ba kowa, Kawu. Katun ne."

Uwarta ta ɗago daga tsintar shinkafa ta ce tun jiya take wannan kukan a kan zanen yara. Na ce ta mayar da shi farko mu gani tare. Ta yi jim, don kallon labarin soyayya a gaban kawu ba ƙaramin nauyi ba ne, sannan ta jingina wayar da kwanon sha ta koma can gefe ta zauna.

Fim ɗin na Japan ne, kuma ya girme ta nesa ba kusa ba, don a 1988 ya fito. Wata ƙawarta da ke karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Mubi ce ta tura mata ta Xender, da fassarar Turanci a ƙasan allo. Shi ne rufin wani dogon labari mai suna Kimagure Orange Road, wanda Izumi Matsumoto ya riƙa zanawa a mujallar Weekly Shonen Jump daga 1984 zuwa 1987, daga baya aka mayar da shi katun na talabijin mai kashi 48 tsakanin 1987 da 1988. Ita ta riga ta cinye 48 ɗin kaf, don haka ita ta ba ni asalin labarin.

Yaro ne ɗan shekara 15, Kyosuke, baƙo a gari. Ranar farko yana hawa wata doguwar matakala yana ƙirga ta, iska ta ɗebo jar malafar wata yarinya, ya cafke. Yarinyar ita ce Madoka. Suka yi musu kan yawan matakalar, shi yana cewa 100, ita tana cewa 99, a ƙarshe ta bar masa malafar, zuciyarsa kuma ta tafi da ita tun daga nan. Amma Madoka tana da ƙawa tun ta ƙuruciya, Hikaru, wadda ta ba shekara biyu, take ɗauka kamar ƙanwarta ta ciki ɗaya. Hikaru ta ga Kyosuke ta kamu, ba ta kuma ɓoye ba: tana kiransa da sunan masoyi a bainar jama'a, tana kawo masa abinci, kowa a makaranta ya san ita ce budurwarsa. Shi bai taɓa ce mata yana son ta ba, bai kuma taɓa ce mata ba ya yi ba. Madoka ta ga haka ta haɗiye nata, ta yi wa ƙawarta kara. Yaron yana da wata baiwa ta gado, yana iya ɓacewa a nan ya ɓulla a can, ya motsa abu ba tare da ya taɓa shi ba, kuma sau da yawa da ita yake tsere wa ranar da za a tsare shi a tambaye shi. Da haka aka yi kashi 48 ana dariya.

A fim ɗin da muka kalla babu dariyar. Darakta Tomomi Mochizuki ya ajiye baiwar nan a gefe, ya bar yaron da bakinsa kawai. Shekara uku da 'yan kai sun wuce, Kyosuke da Madoka suna ajin ƙarshe suna fama da karatun jarrabawar shiga jami'a, irin halin da yaranmu ke shiga kafin JAMB, Hikaru kuma tana shirin wani wasan kwaikwayo na waƙa a makaranta. Haƙurin Madoka ya ƙare, ta fito da abin da ke ranta, dole yaron ya zaɓa. Ya zaɓi Madoka. Abin da ya rage na fim ɗin, wanda duk tsawonsa bai fi minti 70 ba, kallon yadda ake gaya wa yarinyar da ba ta yi laifin komai ba cewa ba ita ba ce. Ta kira waya, ta bi shi, ta roƙa, ta je har gidan Madoka. Bai juya ba. An rufe fim su biyun sun je duba sakamakon jarrabawa, ita kuma Hikaru ta hau dandamali ta yi wasanta. Sunan fim ɗin da Japananci, Ano Hi ni Kaeritai, yana nufin burin komawa wata rana da ta wuce.

Da aka gama 'yar yayata ta ce, "Kawu, ka ga mugu ko? Ko waiwaye bai yi ba."

Na ce mata ni ma na ga mugunta, amma ba a nan na gan ta ba. Na gan ta a can baya, a kashi 48 ɗin da ta kalla tana dariya. Duk ranar da yarinyar ta kawo abinci ya karɓa ya ci ya yi shiru, duk ranar da ta kira shi nata a gaban mutane ya sosa ƙeya, bashi yake ci da sunanta, ranar biya kuma ita aka tsare. Ranar da ya buɗe baki ya faɗi gaskiya ita ce ranar farko da ya ɗauke ta a matsayin mutum mai hankali wanda ya cancanci a gaya masa inda ya tsaya. Ta ce, "Kai ma namiji ne, dole ka goyi bayansa." Ban ce komai ba, don akwai abin da ba ta sani ba game da kawun nata, kuma a ranar ban shirya faɗa ba.

Mu da muka tashi da fim ɗin Indiya da na Kano mun saba da labarin mutum uku. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya sha nuna cewa abubuwa uku fim ɗin Hausa ya fi ɗebowa daga na Indiya: soyayyar mutum uku, auren dole, da rawa da waƙa. Abin da na lura da shi shi ne yadda masu labari ke kawar da na ukun. A Sangam na Raj Kapoor, na 1964, abokin ya harbe kansa don ya ba mata da miji wuri. A Kuch Kuch Hota Hai na 1998 mutuwa ce ta ɗauke Tina bayan haihuwa, sannan a ƙarshe ango, wanda Salman Khan ya fito a matsayinsa, ya kama hannun amaryarsa ya miƙa wa wani ranar biki. A namu kuwa, tun zamanin Sangaya, inda Ali Nuhu ya tsaya tsakanin Zubaina 'yar aiki da Kilima 'yar gata, akan nuna wa mai kallo tun da wuri wadda zai so da wadda zai ji haushi, don kada ya ji zafi idan ta rasa. Idan kuma namiji ne a tsakiya, ga ƙofa a buɗe: ya auri duka biyun, labari ya koma na kishi. Ko ta wace hanya aka bi, an sauke wa na tsakiya nauyi. Ajali ya yi masa aikin, ko wani ya sadaukar, ko mugun halin ta ukun ya wanke shi. Ba a cika tsayar da shi gaban mutumin kirki ba a ce masa to, buɗe baki ka faɗa. Wannan tsayuwar ce fim ɗin Mochizuki ya ƙi ɗauke wa kowa, shi ya sa har masu son labarin da yawa suka ji zafinsa.

Su Japanawan ma sun zana ɗaya ƙarshen, na wanda ya ƙi faɗa har abin ya fi ƙarfinsa. Katun ɗin School Days na 2007, mai kashi 12, labarin wani ɗalibi ne da ke wasa da zukatan 'yan mata biyu, kuma da wuƙa da jini aka rufe shi. A watan Satumba na shekarar gidajen talabijin suka ɗage nuna kashin ƙarshe, saboda a daidai lokacin wata yarinya 'yar shekara 16 ta kashe mahaifinta a yankin Kyoto. Ban so 'yar yayata ta kalli wannan ba, na kuma gaya mata. Amma duk mai sauraron labaran rediyo a ƙasar nan ya san irin wannan ƙarshen bai tsaya a zane ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na gane mutanen nan uku sarai, ko da yake Japanawa ne na zane. Abin da Madoka ta yi, kara ce da kawaici, kuma a gidajenmu yabon yarinya ake yi a kansu. A ƙasar Mubi, inda Fulatanci ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da Hausa a kasuwa da cikin gida, ana tarbiyyar yaro da semteende da munyal, wato kunya da haƙuri, kuma Fali da Gude da Margi da sauran ƙabilun yankin kowa yana da irin tasa. Ba na raina wannan tarbiyya, da ita aka raine ni, ita ce ke hana ƙaramin yaro ɗaga murya a gaban babba, ita ke sa maƙwabci ya rufa wa maƙwabci asiri. Sai dai kunya tana da wurinta. Saurayin da ya daina so amma ya ci gaba da zuwa zance jefi-jefi, ya ce yana jin nauyin iyayenta, kansa yake ji wa. Yana gudun minti goma na ganin hawaye, sai ya saya wa kansa sauƙi da shekara biyu na rayuwar 'yar mutane. Budurwar da ke karɓar toshin samari biyu, kowanne ta ce masa sai abin da Allah ya yi, alhali ta san wanda ta zaɓa, ita ma haka. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma wanda ya cusa biyun a baki ya fi kowa sanin haka tun kafin ya cusa.

Kuma ba kalmar muka rasa ba. Je ka kasuwar shanu ta Mubi, inda dabbobi ke shigowa daga Kamaru da Chadi ana loda su a tirela zuwa Kudu, ka tsaya kusa da dillali ka saurara. Mai saye zai zagaya bijimi ya taya. Idan tayin bai yi ba, mai dabba zai ce, "Albarka." Kalma ɗaya, mai daɗin ji, addu'a ce ma a asalinta, amma babu wanda bai san nufinta a'a ba ne. Mai saye ya ƙara ko ya ce Allah ya kawo kasuwa ya wuce gaba, ba gaba ba ƙiyayya, gobe su gaisa. Idan kuma ya yi, sai a ce, "Na sallama," a tafa, dillali ya karɓi la'adarsa. Babu mai dabbar da zai ce wa mutum biyu na sallama, kuma wanda ya tsare mai saye tun safe har la'asar da wataƙila alhali ya riga ya sayar, kasuwar da kanta za ta sa masa suna. 'Ya'yan mutane ba kayan sayarwa ba ne, Allah ya kiyaye, maganar baki nake yi. Al'ummar da ta iya ƙera wa ciniki a'a mai ladabi haka, wadda ba ta zubar da mutuncin kowa, ba ta da hujjar barin yaranta su rasa yadda za su faɗe ta a inda ta fi muhimmanci.

Addini ma ya haɗa biyun a wuri guda. Hadisin da ya hana mutum shiga cinikin ɗan'uwansa shi ne ya hana shi neman aure a cikin neman ɗan'uwansa. Imamu Malik da wannan hani ya buɗe babin aure a Muwaɗɗa, ya kuma yi bayanin cewa hanin yana hawa ne idan mace ta riga ta karkata ga mai nema an fara daidaitawa. Kafin nan ba laifi masu nema su yi yawa. Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta je wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da maganar mutum biyu da suka neme ta, Mu'awiya da Abu Jahmi, ya ba ta shawarar ta auri wani daban, Usama. Duk hukuncin ya rataya ne a kan a san wanda aka karkata gare shi, kuma ba za a sani ba sai an faɗa. Maƙwabtanmu Kirista, waɗanda ƙofar mace ta biyu ba ta buɗe musu, su ma sai an yi sanarwar aure a coci kowa ya ji kafin a ɗaura.

Amma labarin da na fi tunawa a daren nan shi ne na Barira da Mugisu, wanda Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas. Barira baiwa ce, Nana A'isha ta saye ta ta 'yanta, shari'a ta ba ta zaɓin zama da mijinta Mugisu ko rabuwa, ta zaɓi rabuwa. Mugisu ya riƙa bin ta a titunan Madina yana kuka, hawaye na gangarowa a gemunsa, har Annabi ya nuna wa baffansa Abbas mamakin irin son da yake mata da irin ƙin da take masa. Ya yi mata magana a kan ta koma wa mijinta. Ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto ne kawai yake yi. Ta ce ba ta da bukatarsa. Aka bar ta a kan haka. Ka dubi wanda ya roƙa, ka dubi hawayen da ake zubarwa a gabanta, amma ba a kira ta muguwa ba, ba a kuma ce ta ɗan riƙe shi da lallashi har ya huce ba. An tausaya wa Mugisu, an kuma bar wa Barira gaskiyarta, duka biyun a lokaci ɗaya.

Ga abin da ban gaya wa 'yar yayata ba. Lokacin ina karatu a Yola na yi shekara biyu ina zuwa zance wani gida. A shekara ta biyu zuciyata ta riga ta koma wani wuri, na sani, amma ban faɗa ba. Na rage zuwa daga sau uku a mako zuwa sau ɗaya, daga nan sai ranar Juma'a bayan Juma'a, ina fatan ta gaji ta sallame ni da kanta don laifin ya zama nata. Duk sanda ta tambaye ni ko lafiya, sai in ce karatu ne. A cikin wannan tsakanin wani mutumin kirki ya aiko gidansu, mahaifinta ya mayar da shi, ya ce an riga an yi wa yarinyar miji, yana nufin ni. Labarin aurena kuwa ba daga bakina ta ji ba. Goro da alewar sa rana aka shiga rabawa a unguwa, yaron da aka aika bai san komai ba, ya shiga gidansu ya miƙa wa mahaifiyarta. Ban taɓa zagin ta ba, ban taɓa ɗaga mata murya ba, a lokacin har ina ganin kaina mai tausayi. Shekaru sun wuce, ta yi aure ta haifi 'ya'ya, na nemi gafara ta bakin wani dattijo an ce ta yafe. Amma har yau idan na ga yaro ɗauke da farantin goro yana shiga gida-gida, gabana yakan faɗi.

Mutanen wannan yanki sun san nauyin jira fiye da yawancin mutane. A ƙarshen Oktoban 2014, da Boko Haram suka shiga Mubi, jama'a suka watse, wasu ta duwatsu zuwa Kamaru, wasu Yola, an yi makonni uwa ba ta san inda ɗanta yake ba. Na ji daga bakin fiye da mutum ɗaya cewa wanda aka kawo wa labari, ko mai ɗaci ne, ya fi samun barci a kan wanda ke zaune yana kallon ƙofa. Waccan musiba ta fi ƙarfin a gwada ta da zancen samari, amma zuciyar da ke jira iri ɗaya ce. Wanda aka gaya wa yakan yi kukansa ya share ido, wanda aka bari a rataye kuwa ko kukan ba shi da ikon yi, don ba a ce masa ya rasa ba.

Washegarin ruwan nan yayata ta tashe mu da sassafe, ta ce ƙasa ta jiƙu, yau za a rage dawa. Wanda bai taɓa noma ba zai yi mamakin wannan aiki. Ranar shuka ba ƙwaya ɗaya ake jefawa a rami ba, ana zuba da ɗan yawa saboda tsuntsu da ƙwari da wadda ba za ta fito ba. Idan Allah ya sa duk suka tsiro, sai ka ga huɗu ko biyar a rami guda, kore shar, gwanin sha'awa. Bayan mako biyu zuwa uku sai manomi ya bi kunya-kunya yana cire wasu da hannunsa, ya bar biyu, wani wurin ma ɗaya. Waɗanda ake cirewa ba su da ciwo, sau da yawa ba ka iya bambanta su da waɗanda aka bari. Ramin ne ba zai ɗauke su ba. Wanda ya ji tausayi ya bar su duka, da kaka zai tarar da kara siriri da zangarniya kamar yatsa.

Abin da ya sa ake jiran ruwa shi ne dashe. Yayata ba ta zubar da ko ɗaya. Tana cirewa a hankali don saiwar ta fito da 'yar ƙasarta, ta tara a hannu, ta datse kan ganyen, ta bi wuraren da shuka ba ta fito ba ta huda rami ta dasa, ta danne da diddige. Dawa tana karɓar dashe, shi ya sa ma a Borno da arewacin Kamaru ake da masakwa, wadda gaba ɗayanta dasa ta ake yi a ƙasar laka bayan ruwa ya janye. Amma abin yana da lokaci. Idan aka bari har saiwoyi suka sarƙe, wadda aka cire ba za ta kama ba, wadda aka bari ma an girgiza ta. Na duƙa ina cira ina tuna gidan nan na Yola. Da na yi magana a watan da na sani, da lokacin da mutumin kirkin nan ya aiko ya tarar da gurbi.

Muna cikin aikin na ce da 'yar yayata, "Kin ga abin da nake gaya miki jiya. Da yaron nan ya cire ta tun ƙasa na da danshi, da ba ta sha wannan wahalar ba."

Ta miƙe da dawa a hannu ta ce, "Kawu, ai ba ɗaya ba ne. Inna da ta cire ita ce ke dasawa. Shi da ya cire, wa ya dasa ta?"

Na daɗe ina juya wannan magana, kuma yarinyar ta fi ni gaskiya. A gona hannu ɗaya ke yin aikin biyu, a tsakanin mutane kuwa wanda ya ce a'a ba shi da damar zama mai lallashi. Duk kiran da zai amsa, duk murmushin da zai yi don ta ji sanyi, mayar da ita ramin da aka cire ta yake yi. Shi ya sa Kyosuke bai waiwaya ba, kuma a nan na yarda da daraktan. Amma ke nan dashen ya rage a wuyan wasu. Hikaru dandamalin makaranta da abokan wasanta suka karɓe ta. A wurinmu aikin uwa ne, da goggo, da ƙawaye, da kawu irina, kuma sau da yawa mun fi iya gori a kan dashe. Yarinyar da saurayi ya bari sai ta ji ana cewa me ta yi masa, ko a ce dama son maso wani ƙoshin wahala ne, kamar ita ta janyo. Yaron da aka ce wa an yi wa budurwarsa miji, abokansa dariya za su fara yi masa a majalisa. Wataƙila ma tsoron wannan gorin na daga cikin abin da ke sa yaranmu su gwammace zama a rami ɗaya su uku, kowa yana ƙwarar ɗan'uwansa, da a ce an cire su.

A daren na kira 'yar yayata na ba ta labarin Yola, tun daga rage zuwa zance har farantin goro. Ba ta ce komai ba sai da na gama, sannan ta tambaye ni ko matar tana nan da rai. Na ce tana nan. Ta ce to, ta tashi ta kwashe kwanuka.

Ranar da zan koma, kafin in nemi motar Mubi, na bi ta gonar. Dashen ya yi kwana uku a kwance kamar ya mutu, yayata ta ce haka yake yi, kada in damu. A rana ta shida na tarar waɗanda aka dasa a kan tudu, inda ruwa bai zauna ba, sun bushe. Sauran sun miƙe, sun fitar da sabon ganye ta tsakiya, duk da ba su kai 'yan'uwansu tsawo ba. Yayata ta ce za su ɗan makara wajen fitar da kai, ta sunkuya ta ƙara danne ƙasar gindin ɗaya da tafin hannunta.